Gidan Kamthieng: gidan gadon da aka kwance daga Chiang Mai aka kai Bankok

Rubutun nan dogo ne, wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwana biyun nan ana ta muhawara a nan Facebook kan tsofaffin gidajen cikin gari da magada ke sayarwa, a rushe a dasa shaguna. Wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa asara ce, har an fara gaya wa juna maganganu. Ni ban tsoma baki ba, don na ga kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma muhawarar ta tuno mini da wani gidan katako da na shiga a Bankok, babban birnin Tailan, lokacin da ofis ya tura mu kwas na mako biyu. Yawancinmu abu biyu muka sani game da ƙasar nan: buhun shinkafa, da kasuwar Pratunam inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya. To yau ina so in ba ku tarihin gida guda, saboda tambayar da muke ta faɗa a kanta, wato wa zai riƙe gidan gado kuma me riƙon zai ci, su ma sun gamu da ita, kuma sun amsa ta ta hanyoyi fiye da ɗaya.

Sunan gidan Kamthieng. Lokacin da na je yana kan titin Asok, cikin harabar wata ƙungiya da ake kira Siam Society, wadda aka kafa a 1904 don nazarin tarihi da al'adun ƙasar. Unguwar duk dogayen benaye ne na gilashi, jirgin ƙasa na sama na wucewa, na ƙarƙashin ƙasa na wucewa, cunkoson motoci kuwa sai wanda ya gani. Tasha ɗaya ce tsakanin wurin da unguwar Nana, inda Larabawa da 'yan Afirka ke zuwa cin abincin halal. Da na shiga ƙofar harabar sai na ga gidan katako baƙi-baƙi tsaye a kan dirkoki cikin bishiyoyi, kamar baƙauyen da ya zo birni ya ƙi canza riga.

Kuma baƙon ne da gaske. Ba a Bankok aka gina shi ba. An gina shi wajen 1848 a bakin kogin Ping a Chiang Mai, can arewacin ƙasar, kusan kilomita 700 daga Bankok. Wadda ta gina shi mace ce, Mae Saed. Kalmar "Mae" a yarensu uwa take nufi, kamar mu ce Inna ko Iya. Tattaɓa-kunne ce ta sarkin wani gari da ake kira Mueang Chae, a yankin Sipsong Panna, wanda yau yake cikin lardin Yunnan na ƙasar Sin.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane yadda jinin sarautar can ya zo zama a bakin kogin Ping. Arewacin Tailan a da masarauta ce mai cin gashin kanta, sunanta Lanna, ma'ana ƙasar gonakin shinkafa miliyan. Sarki Mangrai ne ya kafa Chiang Mai a 1296. Suna da yarensu, da rubutunsu, da dokokinsu. A 1558 sarkin Bama ya ci su da yaƙi. Eh, Bamar nan dai da kakanninmu suka je yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, maƙwabciyar Tailan ce ta yamma. Bama ta riƙe Lanna sama da shekara ɗari biyu, sai a tsakiyar shekarun 1770 wani basarake daga Lampang mai suna Kawila ya haɗa kai da Sarki Taksin na Siyam suka kore su. Amma kafin yaƙe-yaƙen su lafa garin ya zama kufai. Chiang Mai ta yi kusan shekara ashirin babu kowa sai ciyawa da namun daji, sai a 1796 Kawila ya koma ya sake raya ta.

To gari ba ya rayuwa da ganuwa kawai, sai da mutane. Abin da Kawila ya yi shi ne ya riƙa kai hari garuruwan arewa yana kwaso jama'a, manoma da maƙera da masaƙa da masassaƙa, yana zaunar da su unguwa-unguwa. Mutanen yankin har yau suna kiran zamanin da sunan zuba ganye a kwando, zuba mutane a gari. Sunan da daɗin ji, amma aikin kamu ne da tilas, kada mu yaudari kanmu. Ƙabilar Tai Lue, wadda Mae Saed ta fito daga cikinta, na daga cikin waɗanda suka cika Chiang Mai da kewayenta a wannan zamanin. Ka ga ke nan gidan da yau ake nuna wa baƙi a matsayin asalin gidan Lanna, jikokin baƙi ne suka gina shi, a garin da shi kansa bai daɗe da tashi daga kufai ba.

Abin da ya fi tsayar da ni a tarihin gidan shi ne hanyar da ya bi daga hannu zuwa hannu. Daga Mae Saed ya koma hannun 'yarta, daga uwa zuwa 'ya, har ya iso ga Kamthieng, daga ita kuma sai 'yarta Kimhaw. Shekara ɗari da goma sha wani abu, gidan bai fita daga hannun mata ba. Wannan ba wani tsari ba ne na danginsu su kaɗai, al'adar yankin ce. A ƙauyukan Lanna idan aka yi aure miji ne ke tarewa a gidan iyayen matarsa, ya yi musu noma na wani lokaci, sannan su gina nasu a kusa. 'Ya'ya maza suna watsewa zuwa gidajen matansu. Wadda ke zama har ƙarshe, galibi 'yar auta, ita ke jinyar iyaye idan sun tsufa, ita kuma ke gadon gidan. Gonaki ana raba wa 'ya'ya maza da mata, amma gidan yana bin wadda ta ɗauki wahalar tsofaffi.

Akwai kuma ɓangaren imaninsu. Mabiya addinin Buddha ne, amma a gefe guda sun yarda da iskokin kakanni, waɗanda a wurinsu ta wajen uwa suke bi, mace ce kuma ke kula da su a ɗakin kwana, kusa da wata dirka ta musamman. Wanda ya san abin da Maguzawa ke kira kan gida zai ɗan fahimci zancen. Mu dai Allah Ya tsare mana tauhidinmu. Amma ta fuskar tarihi dole ka lura da abin da wannan imani ya yi: ya ɗaure gida da mutum ɗaya sananne. Kowa a dangi ya san wadda gidan ke wuyanta, tun kafin a yi rasuwa.

A nan ne nake ganin muhawararmu ta kauce. Wasu na ɗora laifin rushewar gidajen gado a kan rabon gado. Ni ban yarda ba. Rabo Allah ne Ya yanka shi, babu mai taɓa shi, kuma shari'ar da ta yanka rabon ita ce ta buɗe ƙofar waƙafi, ta buɗe ƙofar sulhu tsakanin magada, ta halatta ɗaya ya sayi kason sauran. Abin da na gani da idona a danginmu da na abokai shi ne, mai gida na rasuwa sai a tarar babu wanda aka taɓa cewa kai ne mai riƙo. Kowa na da haƙƙi, babu mai nauyi. Damina biyu sai soro ya fara yoyo, a yi ta turereniya kan wa zai sayi buhun siminti, a ta uku dillali ya shigo. Kafin a rushe ginin ma kayan ciki sun riga sun tafi: tasoshin tagulla da kwallayen jeren kaka an bai wa 'yan gwangwan a kan kilo, akwatin ƙarfe da takardun ajami gara ta gama da su, allon da malam ya yi karatu da shi yara sun yi wasa da shi ya tsage.

To bari mu hau gidan. Takalmi ake cirewa a ƙasan matakala. Dirkokin sun ɗaga shi sama har mutum na iya tafiya a ƙarƙashi a tsaye, kuma wannan ƙarƙashin ba wurin banza ba ne: nan ake saƙa, nan ake ajiye kayan noma, nan ake shan inuwa da rana, idan kogi ya yi ambaliya kuma ruwa ya wuce ta nan ya bar mutane a sama. Rufin yana da gangara sosai saboda yawan ruwan sama. A ƙololuwarsa katakai biyu sun gicciye suka fita sama kamar ƙaho, an sassaƙe su da ado, suna kiran abin kalae, shi ne tambarin gidajen Lanna. Bangon kuma ba a miƙe yake ba, ya ɗan buɗe ta sama kamar kwarya. Duk katakon itacen tik ne, irin wanda gara ba ta cika ci ba kuma ruwa ba ya saurin ruɓar da shi, an sarƙe shi da haƙora da turakun katako. Wannan dabarar ce ta sa ana iya kwance gida sukutum a ɗauke shi, abin da ginin ƙasa irin namu ba zai taɓa yarda da shi ba.

A baranda akwai 'yar rumfa da aka jera tukwanen ƙasa na ruwan sha, da ludayin ƙoƙon kwakwa. Wallahi da na gani randa da moɗa kawai na tuna. A al'adarsu har a bakin hanya suke ajiye irin wannan don mai wucewa ya sha. Barandar ita ce zaurensu, nan ake karɓar baƙo, kuma nan iyakarsa. Ƙofar ɗakin kwana tana da dokin ƙofa mai tsayi, wanda ba dangi ba ba ya ƙetare shi, idan ya ƙetare sai ya biya tarar neman afuwa. A saman ƙofar akwai wani katako mai sassaƙa da suke kira ham yon, wanda ake auna tsawonsa da tafin ƙafar mai gida, suna ɗaukarsa a matsayin tsarin ɗakin. An ce idan gida ya canza hannu sabon mai shi yakan doke katakon don ya karya ƙarfin na da. Mutum dai ko'ina mutum ne.

Madafi daban yake, da murhu a cikin akwatin da aka cika da ƙasa don kada wuta ta kama daɓen katako. Mutanen arewa shinkafa mai danƙo suke ci, ana turara ta ne, a zuba a 'yan kwanduna masu murfi, a ci da hannu ana dunƙulawa, kusan yadda muke yi da tuwo. An jera tarkunan kifi na gora, da garma ta katako da ɓauna ke ja, da zannuwan mata masu adon saƙa a bakin ƙasa, da riguna masu rubuce-rubucen tsari da maza ke sawa idan za su yaƙi ko doguwar tafiya. An kuma nuna irin zanen tawada da mazan Lanna ke yi a fata daga ƙugu zuwa gwiwa, wanda a da saurayin da ba shi da shi ba a ɗauke shi cikakken namiji ba.

Sai rumbu. Shi ma a kan dirkoki, babba, don girman rumbu ne ke nuna arzikin gida. Abin da ke cika rumbun kuwa wani tsari ne na ban ruwa da suke kira mueang fai, wanda ya girmi gidan da ɗaruruwan shekaru. Manoman da ke shan ruwan kogi ɗaya su ke haɗuwa su datse shi da gora da turaku, su haƙa magudanai zuwa gonaki, su zaɓi shugaba daga cikinsu. Kowa yana kawo aiki da kayan gyara daidai girman gonarsa, wanda ya ƙi fitowa a ci shi tara, wanda ya saci ruwa ma haka. Aikin gayya ne amma mai doka. A matsayina na ma'aikacin gwamnati na daɗe a tsaye a wannan wurin, don na san adadin takardun da muke rubutawa kan yadda za a sa jama'a su kula da abin da aka gina musu, ga wasu nan sun warware matsalar ba tare da ko fayil ɗaya ba.

Yanzu tambaya: me ya kai gidan Bankok?

Amsar ta fara ne daga itacen da aka gina shi da shi. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin Ingila irin su Borneo Company da Bombay Burmah suka shigo dazukan Lanna neman tik, don da shi ake ƙera jiragen ruwa. Giwaye ke jan gungumen zuwa rafi, ruwa ya kwashe su zuwa kudu, gungume ɗaya yakan yi shekaru a hanya kafin ya isa Bankok. Sarakunan Lanna su ke ba da hayar daji, rigingimu kuma suka yi yawa tsakaninsu da mutanen da ke ƙarƙashin tutar Ingila. Sarki Chulalongkorn na Siyam, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya hango cewa da irin wannan rigimar Turawa ke fakewa su ci ƙasa, balle da Ingila ta gama haɗiye Bama a 1885. Sai ya riga su. Tun 1874 ya fara tura wakilinsa Chiang Mai. A 1896 ya kafa hukumar gandun daji, ya karɓe ikon dazuka daga hannun sarakunan. Jirgin ƙasa ya iso Chiang Mai a farkon shekarun 1920. Da sarki na ƙarshe, Kaew Nawarat, ya rasu a 1939, ba a naɗa wani ba. A makarantu yaren Bankok da rubutunsa ake koyarwa, rubutun Lanna ya koma na gidajen ibada da tsofaffi, kwatankwacin abin da boko ya yi wa ajami. Ana yawan cewa Tailan ba a taɓa yi mata mulkin mallaka ba, kuma gaskiya ne. Amma kuɗin wannan 'yancin, wani ɓangarensa Lanna ce ta biya.

Dangin Kamthieng ba su faɗi a wannan sauyin ba, tashi ma suka yi. Kamthieng ta auri wani attajiri mai asalin Sin, Luang Anusarn Sunthorn. 'Yarsu Kimhaw ta auri Kee Nimmanhaemin, kuma shahararren titin nan na Nimmanhaemin a Chiang Mai sunan gidansu ne. Ɗansu Kraisri masanin tarihi da al'adun Lanna ne, jikansu Tarrin kuma shi ne ministan kuɗin da ya riƙe baitulmalin ƙasar bayan karyewar tattalin arziki ta 1997. A 1963 Kimhaw ta ba da gidan kyauta ga Siam Society, aka sa masa sunan mahaifiyarta. Aka kwance shi katako-katako, aka kai Bankok, aka sake haɗawa, Sarki Bhumibol ya buɗe shi a 1966.

Dole a faɗi abu biyu a nan. Na farko, mai ƙoshi ne ke kyauta da gida. Magajin da kuɗin makarantar yara ke jiransa, ko bashin asibiti, ba za ka zo masa da labarin Kimhaw ka ce ya yi koyi ba, kuma masu zagin magada a muhawarar nan su riƙa tunawa da haka. Na biyu, gidan ya tsira amma ya yi asara. An ɗaga shi a kan dirkoki saboda kogin Ping, yanzu babu kogin. An gina rumbu saboda gona, babu gonar. Tukunyar ruwa na nan, mai wucewa da ƙishirwa babu. Kuma gidan da ke ba da labarin Lanna, lokacin da na gan shi, yana zaune ne a birnin da ya shafe sarautar Lanna, mutumin Chiang Mai a lokacin sai ya yi tafiyar kwana a jirgin ƙasa kafin ya gan shi. Duk da haka da za a tambaye ni, gara wannan da babu. Tun 1989 gwamnati ta hana sare itace a dazukan ƙasar, bayan wata mummunar ambaliya a kudu a 1988, don haka tsohon katakon tik ya zama kamar zinariya, kuma gidaje da yawa irin wannan an kwance su an sayar, sun koma teburan otel da ƙofofin masu kuɗi.

Daga titin Asok akwai wani dogon mashigin ruwa da aka haƙa tun ƙarni na 19, sunansa Saen Saep, kwale-kwalen haya masu inji ke zirga-zirga a kansa. Idan ka hau ka nufi yamma, ka canza a Pratunam, za ka sauka kusa da gidan katakon da ya fi kowanne suna a ƙasar, gidan Jim Thompson. Na je, kuma yana da kyau ƙwarai, amma labarinsa daban ne. Thompson Ba'amurke ne, an haife shi a 1906, mai zanen gine-gine, ya yi aikin leƙen asirin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya iso Bankok a 1945 ya zauna. A 1948 ya kafa kamfanin siliki. Ya sayi tsofaffin gidajen tik guda shida, yawancinsu daga wajen Ayutthaya, tsohon babban birnin da Bama ta ƙone a 1767, ya haɗa su suka zama gida ɗaya a 1959. Ya sa matakala a ciki, ya shimfiɗa marmara daga Italiya, ya juya wasu bangayen don adon waje ya koma kallon ciki. Ya cika shi da gumaka da tangaran da zane-zanen da ya saya. Wato kayan gadon mutane da yawa ne a gidan mutum ɗaya wanda bai gaji ko ɗaya ba. Ya ɗan tuna mini da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna: gini namu, suna na baƙo.

Kuma akwai igiyar da ta haɗa gidajen biyu. Da farko Thompson ya yi wasiyyar gidansa ga Siam Society. A farkon shekarun 1960 sai hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta tuhume shi kan wasu kawunan gumaka da aka ciro daga wani kogo, ta karɓe su. Ya fusata, ya fita daga ƙungiyar, ya canza wasiyya zuwa ga ɗan ɗan'uwansa. Shi yana ganin ceto kayan ya yi daga masu fitar da su waje, hukuma na ganin mai saye shi ke kiran mai sata. Wannan rigimar har yau ba ta mutu ba: a 1988 wani gidan tarihi a Chicago ya dawo wa Tailan da sassaƙen dutse na saman ƙofar wurin ibadar Phanom Rung, a 2024 kuma wani a New York ya dawo da gunkin tagulla, kamar dai yadda Jamus ta fara dawo da tagullan Benin a 2022. Shi kuwa Thompson, ranar 26 ga Maris 1967 ya fita miƙe ƙafa a tsaunukan Cameron da ke Malesiya, bai dawo ba. An yi neman duniya ba a ga ko takalminsa ba. Kotu ta ayyana shi a matsayin matacce a 1974, daga baya gidan ya koma hannun wata gidauniya.

Abin da yawancin masu ziyara ba sa yi shi ne su ƙetare ruwan. Daura da gidan Thompson akwai unguwar Ban Khrua, kuma Musulmi ne. Asalinsu Cham ne, mutanen tsohuwar daular Champa ta tsakiyar Biyetnam ta yau, wadda babban birninta ya faɗi a 1471, da yawansu suka yi hijira zuwa Kambodiya, daga can wasu suka iso Siyam. Sun yi wa sarakunan Siyam aikin soja, musamman na ruwa, kuma Sarki Rama na Ɗaya ne ya ba su wannan wurin a ƙarshen ƙarni na 18 bayan sun taya shi yaƙi da Bama. Su ne masaƙan da Thompson ya tarar suna saƙa siliki a ƙarƙashin gidajensu. Shi ya kawo rinin da ba ya zuba da kasuwar Amurka, har aka yi amfani da silikin a wani shahararren wasan dandamali a New York a 1951, amma hannun da ya yi saƙar nasu ne. Saboda su ya gina gidansa a wurin, kullum da safe yana ƙetarawa duba aiki. Babban falon gidan nasa ma tsohon gidan wani masaƙi ne daga Ban Khrua.

Bayan ɓatansa kamfanin ya mayar da saƙa can Pak Thong Chai, a lardin Nakhon Ratchasima, unguwar ta shiga wani hali. Sai kuma a ƙarshen shekarun 1980 hukuma ta zana wani reshen babban titi na sama da zai ratsa ta tsakiyarsu, ya taɓa gidaje da masallaci da maƙabarta. Aka yi musu tayin diyya da sabon matsuguni, suka ce a'a. Su ba su da zaɓin Kimhaw: gida ana kwancewa a ɗauka, kabarin kakanni fa? Suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar gwamnati, suka kafa 'yan sintiri saboda tsoron gobara, suka nemi malaman jami'a suka bi lissafin hukumar layi-layi, aka yi zaman sauraron jama'a a farkon shekarun 1990, kwamitin da ya saurara kuma ya ce titin bai cancanci a yi shi ba. An ja maganar sama da shekara goma, gwamnatoci suka zo suka wuce. Ba a yi titin ba.

Na shiga unguwar bayan la'asar. Lunguna ne ƙanana, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, gidajen katako da na kwano a cakuɗe, yara na dawowa daga islamiyya, mata da lulluɓi na soya abin sayarwa a bakin ƙofa. Babu tikiti, babu allon bayani, ba a kuma gyara komai don idon baƙo ba. Saƙar ta ragu sosai, gidaje ƙalilan ne suka rage suna yi, kuma masu yin yawancinsu sun manyanta. A ɗaya daga ciki na tarar da zare rinanne an shanya, masaƙa na ƙara a ciki, na yi sallama aka amsa mini da cikakkiyar sallama, na sayi ɗan mayafi. Masu zuwa Pratunam sari, tsakaninku da wurin mintuna kaɗan ne a kwale-kwale, kuma akwai masallacin Juma'a.